Wata Bakwai a Jirgin Raguna

Masu zama da ni a bakin masallacinmu na Gyadi-Gyadi sun san ba na tauna goro yanzu, sai dai in goge shi a magogi in zuba a baki. Suna ɗauka tsufa ne ya cinye mini haƙora. Ba tsufa ba ne. Guda uku na rasa a cikin wani jirgin raguna, a tsakiyar ruwa, muna hangen gari da ido amma ba dama mu taka shi.

Na yi yawo gwargwado a rayuwata. Na tuƙa babbar mota zuwa Agadas da Injamena, na zauna a Dakar, na yi wa fatake tafinta a Jidda. Ina jin Larabci da Faransanci, ga Fulatancin gidanmu, ga Turancin kasuwa. Saboda bakin nan ne wani dillali ya neme ni. Ya ce ana son mutum biyu su kula da raguna a jirgin da ke ƙetare Bahar Maliya, ɗaya ya san dabba, ɗaya ya ji Larabci, kwana arba'in an gama. Ni na ji Larabci. Wanda ya san rago kuwa Modu ne, Babarbare mai sayar da dabbobi a Tarauni, abokin wasana tun muna da baƙin gashi. Bai taɓa wuce Maiduguri ba. Ni na ja shi. Ranar da na je gidansa, matarsa Falmata ta yi magana daga bayan labule.

"Malam Hammadu, kai ka san hanya, shi bai sani ba. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi."

Na ce in Allah Ya yarda, da sauƙin baki irin na wanda bai taɓa tafiya ta gagare shi ba.

Zangonmu na farko tashar da aka yi lodi ce. Ba zan faɗi sunanta ba, haka ma wadda muka nufa. A nan wakilin mai jirgi ya karɓi fasfo ɗinmu, ya ce ka'ida ce, za a ba mu a ɗaya gaɓar. Na taɓa ganin irin wannan ka'idar a wasu wurare, na kuma san inda take kai mutum, amma na miƙa. Modu ya ga na miƙa, shi ma ya miƙa.

Ƙetarewar kanta ba ta ba mu wuya ba. Jirgin hawa huɗu ne, kowane hawa an yanka shi ɗaki-ɗaki da shingen ƙarfe, raguna cike. Modu ya yi amai kwana biyu, a na uku ya miƙe ya shiga cikin dabbobi kamar a turkensa na Tarauni yake. Yana duban rago sau ɗaya ya ce wannan gobe zai kwanta, kuma ya kwanta. Kaftin, wani Balarabe dattijo mai ƙarancin magana, har tsayawa yake yi yana kallonsa. Muka isa, aka sauke dabbobi, aka bar mana guda biyar da likitan tasha ya ƙi karɓa. Sai aka ce jirgi ya ja baya daga bakin tasha, ya tsaya ya jira takarda.

Takardar nan ce ba ta zo ba. Hukumar tasha ta ce takardun jirgin na jabu ne, ba zai motsa ba sai mai shi ya bayyana. Mai jirgi ya kashe waya. Wakilin da ya riƙe fasfo ɗinmu ya ɓace. Wanda ba shi da fasfo kuma ba ya taka ƙasa. Mai dafa abinci ne kaɗai ya samu fita, don ɗan ƙasar ne. Muka rage mu goma sha ɗaya.

Na taɓa kwana tara a hamada da mota a lalace, amma a can ko ba komai kana iya tafiya har ƙafarka ta gaji. A nan taki saba'in ne daga goshin jirgi zuwa bayansa. Na ƙirga ya fi sau dubu. Gari yana nan a gabanmu, fararen gidaje, motoci kamar tururuwa. In iska ta juyo har kiran salla muke ji. Ranar Juma'a mukan tsaya jikin ƙarfe muna sauraron huɗubar da ba za mu halarta ba. Modu yakan ce, "Daga nan zuwa can bai kai daga Tarauni zuwa Hotoro ba. Bafillace, kai da ka iya yaruka, ka roƙi ruwan nan ya matsa mana."

Duk bayan mako biyu ko uku wani kwalekwale yakan kawo mana abin da hukuma ta ce a ba mu: ruwan sha a jarka, farar shinkafa, man gyaɗa, sukari, ganyen shayi, wani lokaci kifin gwangwani. Ba albasa, ba tumatir, ba ganye ko ɗaya. Mun gwada kamun kifi, amma ruwan wurin duk man jirage ne, in an kamo ƙanana biyu an yi sa'a. Raguna huɗu muka cinye a wata biyun farko. Na biyar Kaftin ya hana a taɓa, ya yi alwashin sai ranar da aka sake mu za a yanka shi. Modu ya ɗauki ragon nan kamar ɗansa, ya raɗa masa suna Bafillace, don kawai ya samu bakin cewa, "Bafillace, zo ka ci dusa," a gabana.

Tukunya ta dawo hannuna, tunda na saba dafa wa kaina a hanya. Na kuwa dafa yadda na ga ana yi a gidanmu tun ina yaro. In wanke shinkafa sau uku har ruwan ya fito garau, in tafasa, in tace a kwando, in ɗauraye, sannan in mayar ta turara. A Dakar na ga suna barin ta ta shanye ruwanta, a Jidda ma haka, amma ni a wurina wannan ƙazanta ce da lalaci. Shinkafata takan fito fara tas, warwar, har Ramon, injiniyan jirgin, wani Kirista mutumin Filifin, yakan ɗaga mini babban yatsa. Ruwan da na tace kuwa, tunda ruwan daɗi ba a zubarwa a wurin, sai in juye wa rago a bokiti.

A wata na uku jiki ya fara magana. Da farko kasala ce, wadda muka ɗora wa zaman banza. Sai wani tsohon tabo a ƙwaurina, na hatsarin da na yi a hanyar Zinder shekara ashirin da suka wuce, ya buɗe yana ruwa kamar jiya aka yi shi. Wasu baƙaƙen ɗigo suka fito mini a cinya. Matasa biyu cikin ma'aikatan jirgin suka fara tuntuɓe da zarar magariba ta yi, suna laluben bango. Wannan na san shi, dundumi ne, na gan shi a ƙauye lokacin yunwa. In na yi asuwaki sai in tofar da ja, amma ban damu ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana cin jan goro ba ya tsorata da jan yawu.

Na Modu daban ne. Ya ce tafin ƙafarsa kamar ana soka masa allura, daga baya ya ce kamar ba tasa ba. Takalminsa ya daina shiga. In ka danna ƙwaurinsa da yatsa sai ramin ya zauna. Ya koma salla a zaune. Matakalar da yake hawa da gudu, yanzu sai ya huta sau uku yana haki.

"Ƙiba ce," in ji shi. "Girkin bawana ya karɓe ni."

Na yi dariya don ya ga na yi. Na jiƙa masa kanwa cikin 'yar wadda na taho da ita, na ce ko ciki ne. Mai kwalekwale ya ce yana da maganin ƙarfin jiki, na ba shi agogona ya kawo wasu ƙwayoyi a kwalba marar takarda. Ramon ya lasa ɗaya ya ce alewa ce. Kaftin ya yi ta kiran tasha a rediyo yana cewa akwai marar lafiya, ana ce masa an ji, za a duba.

Waya ba ta kamawa sai in jirgin ya juya goshinsa wajen gari, ka hau can ƙololuwa ka ɗaga hannu. Janareta kuma awa ɗaya ake tayarwa a yini. Duk sanda na samu gida, abin da nake faɗa ɗaya ne: lafiya lau, aiki da godiya, an kusa gamawa. Haka Modu yake gaya wa Falmata. Mu haka muka tashi. Mutum yana kan gadon mutuwa ka tambaye shi, ya ce da sauƙi. Ramon kuwa ina ji yana yi wa matarsa kuka a waya, yana lissafa mata duk inda ke yi masa ciwo, har nakan ji kunya a madadinsa. Yanzu na san wanda ya fi wayo a cikinmu.

'Yata Rabi nas ce a babban asibitin da ke kusa da unguwarmu. Wata rana da hantsi waya ta kama sosai har ta kira ni da hoto. Tana cikin fararen kaya, na hango masu adaidaita a bayanta, har na ji wani yana kiran Tarauni, Tarauni.  Na yi mata murmushi don ta kwantar da hankali. Murmushin ne ya tona ni.

"Baba, matso da wayar. Buɗe bakinka."

"Lafiya lau nake, uwata."

"Na ji. Buɗe dai. Ɗaga leɓen sama."

Na ɗaga. Ta ƙura wa dasashina ido.

"Goro ne," na ce.

"Wane goro, Baba? Kai da bakinka ka ce mini goronka ya ƙare tun kafin azumi."

Na tsaya da waya a hannu kamar wanda aka kama da sata. Wata biyu ke nan rabona da goro, ina tofar da ja kullum safe, ban taɓa haɗa biyun ba.

"Me kuke ci? Kar ka ce mini Alhamdu lillahi, na san da shi. Faɗa mini ɗaya bayan ɗaya. Baba Modu fa?"

Na faɗa mata komai. Na sauka na nuna mata ƙafar Modu, wayar ta yanke, na sake hawa. Sau huɗu na yi hawan nan kafin mu gama magana. Abin da ta faɗa mini na riƙe shi kamar karatu. Ta ce ciki yana iya cika jiki yana yunwa. Akwai wasu abubuwa 'yan mitsi-mitsi a cikin abinci, su ake kira bitamin, jiki ba ya iya ƙera yawancinsu, kuma kowanne da aikinsa. Wanda ake ce wa C shi ke riƙe naman jiki da dasashi, shi ke sa rauni ya haɗe. Yana cikin lemo da ɗanyen ganye da tumatir. Rashinsa ne ya buɗe mini tabo, shi ke kaɗa mini haƙora. Na dundumi sunansa A, yana cikin hanta da manja da karas. Na Modu kuwa B na ɗaya ne, shi ke ba jijiya da zuciya ikon cin moriyar abinci. In babu shi ƙafa ta mutu, zuciya ta gaji, ruwa ya taru a jiki.

"Naka zai jira, Baba. Nasa ba zai jira ba. Zuciya ce. Allura yake bukata a asibiti, kuma yau zan fara rubuta wa duk wanda zan iya. Amma kafin nan, yaya kake dafa shinkafar?"

Na gaya mata, har da ɗan alfahari.

"Inna lillahi. Baba, farar shinkafa dama an riga an murje mata bayanta a inji, a bayan nan abin yake. Ɗan ragowar kuma ka wanke sau uku, ka tafasa ka tace. Ina kake kai ruwan?"

"Rago nake ba."

"To yaya ragon yake?"

Na leƙa ƙasa. Yana tsaye cikin shinge, gashinsa na sheƙi, wuyansa ya yi kauri, yana tunkurin ƙarfe don ƙoshi. A duk jirgin shi kaɗai ne mai lafiya.

"Me yake ci bayan ruwan?"

"Dusar alkama. Da sha'ir. Buhuna sun fi ɗari a ƙasa, ragowar na tafiya."

"Wata huɗu kuna kwana a kan magani," in ji ta. Ta ce in zaɓi buhunan da ba su yi fumfuna ba, in tankaɗe dusar, in dama kunu da ita, kada in daɗe ina tafasawa, kada in zubar da ruwan. Ta ce in ɓoye kanwar nan, tana kashe abin da muke nema. A rage shayi mai kauri. Sha'ir kuma a jiƙa shi ya tsira, a ci tsiron ɗanye, nan za mu samu na dasashi. Ragon kuwa a yanka shi yau, a raba hantar.

Na fassara wa Kaftin da Larabci, na fassara wa Ramon da Turanci. Kaftin ya ce zai yi kaffarar alwashinsa, a yanka. Modu bai iya riƙe wuƙa ba, ni na yanka, shi ya juya fuska bango. Hantar muka ba masu dundumi da Modu. Cikin kwana kaɗan matasan nan suka daina laluben bango. Amma rago ɗaya ga mutum goma sha ɗaya, babu firji, kwana uku ya yi.

Tsiron bai ba mu wahala ba, don Ramon ya ce a garinsu haka suke yi da wake. Muka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a cikin shingen raguna, muka baza sha'ir. Matsalar ruwan daɗi ce. Kaftin ya ce ruwan teku ya halatta ga alwala, muka koma alwala da shi, kowa ya riƙa ba gona rabin kofi daga rabonsa. A kwana na biyar wuri ya yi kore. Wata huɗu rabon idona da kore. Na ga ƙaton matuƙin jirgi ya tsuguna a inda raguna ke tsayawa, yana tsinka yana ci yana hawaye.

Kunun dusar ne ya zama yaƙi. Larabawan jirgin suka sha suna yamutsa fuska. Ramon ya sha. Na kai wa Modu nasa a kwano, yana jingine da bango don ya daina iya kwanciya, in ya kwanta numfashi ya tsaya masa. Ya sansana sau ɗaya. Mutumin da ya shekara talatin yana auna dusa ba a yi masa ɓoyo.

"Mene ne wannan?"

"Kunu."

"Hammadu." Rabon da ya kira ni da sunana na manta. "Ni za ka kawo wa dusa?"

"Rabi ce ta ce."

"Rabi yarinya ce. A gabana aka yanka ragon sunanta, ni ma na zaɓo shi. Ka raba ni da gidana, ka kawo ni inda ba ƙasa ba sama, ka yanka mini rago, yanzu kuma ka mayar da ni madadinsa? In mutuwa ce ta zo, ta same ni mutum."

Ya ture kwanon da bayan hannu. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce wauta ce. Ramon ma haka ya ce. Amma a wurinmu ai don a raba mutum da dabba ake surfe. Iyayenmu mata sun ƙare ƙarfinsu a bakin turmi don kada dusa ta shiga bakin 'ya'yansu, kuma in aka ce gidan wane har dusa suka ci, an gama faɗin talaucinsu har jikoki. Na ga Turawa a Dakar suna sayen burodi mai dusa da tsada, suna cewa ya fi lafiya, na yi musu dariya a lokacin. Modu bai ga wannan ba. Abin da ya sani shi ne shi ke zuba wa dabba dusa, ba a zuba masa.

Kwana biyu bai sha ba. Leɓensa ya fara canja launi. Kumburin ya wuce gwiwa. Na hau sama na samu Rabi a waya, ta ce ta samu wata ƙungiya mai taimakon ma'aikatan jirgin ruwa, sun amsa, amma sun ce sai an yi haƙuri, abin hukuma ne. Ta ce, "Baba, ko ɗura ce ka yi masa." Na ce Modu ba a yi masa ɗura. Na tsaya a wurin, muryar Falmata daga bayan labule tana dawo mini a kunne.

Bayan la'asar na dama sabo, kwano biyu. Ban kai masa ba. Na sa matasan nan suka kama shi suka fito da shi shan iska, suka zaunar da shi daidai shingen da ragonsa ya zauna. Na shiga cikin shingen, na ja ƙofar ƙarfen na rufe kaina. Na zauna a ƙasa, na juye nawa kunun a bokitin ragon.

"Me kake yi haka?" in ji shi.

"Wata huɗu kana cewa Bafillace zo ka ci dusa. To ga Bafillace ya zo."

Na ɗaga bokitin da hannu biyu na kafa kai. Ɗanɗanonsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Dasashina na zafi, kunu na zuba a gemu. Na sha har ƙasa, na ajiye, na dube shi ta tsakanin ƙarafa.

Ya fara dariya. Dariyar ta zame masa tari, tarin ya zame masa haki, har na tsorata. Da ya samu numfashi ya ce, "Kaico, babu mai ɗaukar hoto. Alhaji guda, mai yare biyar."

"Huɗu."

"Da na raguna biyar."

"Na ji. Saura kai. Ni na ce wa Falmata zan mayar da kai. In ka mutu a nan, da wane ido zan bi ta Tarauni? Sai dai in riƙa zagayawa ta Ƙauyen Alu har in mutu. Ka taimaki bawanka."

Ya dubi kwano na biyu.

"Ka rantse ba za a ji a Tarauni ba."

"Na rantse."

"Da Allah."

"Wallahi ba za a ji daga bakina ba, sai in kai ka yarda."

Ya miƙo hannu. Na fito na riƙe masa kwanon. Ya sha yana zagin kakannina ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ce ya warke a jirgin ba. Amma cikin mako guda hakin ya ragu, ya fara yawan fitsari, kumburin ya soma sauka. A mako na biyu ya kwanta a bayansa ya yi barci. Sau uku a yini nake dama masa, na kuma daina tace shinkafa, ta koma fitowa a cakuɗe kamar ta masu koyon girki, ba wanda ya yi ƙorafi. Nawa dasashin ya daina jini, tabon ya kama bushewa, sai dai haƙora ukun da suka riga suka kaɗu ba su tsaya ba. Na jefa su a ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya wani tsoho mai kamun kifi ya matso da ɗan kwalekwalensa, abin da aka hana su. Bai tambaye mu komai ba. Ya ɗaure leda a igiyar da muka zura, ya ɗaga hannu, ya juya. Lemon tsami ne guda goma sha huɗu da albasa uku. Na ƙwala masa godiya da Larabci, bai waiwayo ba. Muka cinye har ɓawon. Ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata tare da iyayena.

Sai da muka ƙara wata uku a haka. Buhunan kirki suka fara ƙarewa, muna buɗe goma mu samu ɗaya marar fumfuna. Sannan wata rana jirgin hukuma ya zo da mutanen ƙungiyar nan da takardun tafiya na wucin gadi. Aka wuce da Modu asibiti, aka yi masa allurar da Rabi ta faɗa. Likitan ya tambaye ni abin da muke ba shi. Na waiwaya na dubi Modu, na tuna ba ya jin Larabci, sai na faɗa. Ya dube ni, ya dubi Modu, ya ce in gode wa wanda ya ba mu shawarar. Kaftin bai sauka ba, doka ta ce sai wani ya karɓi jirgin. Na hango shi tsaye jikin ƙarfe shi kaɗai muna nisa. Na bar masa rariyar tankaɗe.

Na kai Modu ƙofar gidansa a adaidaita, yana dogara sanda, don har yau ƙafarsa ta hagu ba ta gama dawowa ba. Falmata ta manta da labule ta fito har zaure. Da aka natsa ta ce, "Malam Hammadu, wane irin magani ne ya tashe shi? Rabi ta ƙi gaya mini." Modu ya kafa mini ido. Na ce wani haɗi ne na mutanen teku, ba a samunsa a nan.

Shekara uku na riƙe rantsuwar. A gidana dai an san an daina tace shinkafa, an san kuma ba a ɗora tukunya babu ganye, ko zogale ko alayyafo, ga lemon tsami a gefe. Mai ɗakina ta ce na dawo daga teku da sa ido.

Watan jiya Rabi ta zo da maganar wani mai gadi da aka kwantar a wurinsu, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama. Wata da watanni ba ya cin komai sai farar shinkafa da mai da shayi, yana tura abin da ya samu gida, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Ta ce, "Baba, a tsakiyar Kano fa, ba a teku ba. Da za ka rubuta abin da ya same ku, wani zai gane nasa da wuri." Na ce akwai rantsuwa a kaina.

Na hau adaidaita na tafi Tarauni. Na tarar da Modu a turkensa, zaune a kan benci, yana auna wa wata mata dusa da kwano. Na jira ta tafi, na gaya masa. Ya daɗe yana juya hannu a cikin buhun, yana barin dusar na zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Mai gadin ya tashi?"

"Ya tashi. Da ƙyar."

Ya karkaɗe hannunsa a jikin riga.

"To rubuta. Amma ka rubuta cewa ni a kwano na sha. Kai ne ka sha a bokiti."